Me Ke Kashe MGB a Hanyar Bukuru?

MGB ƙaramar mota ce mai kujeru biyu da rufin tamfol, irin wadda ake saya don jin daɗin tuƙi, ba don ɗaukar iyali ba. A garin Abingdon da ke kusa da Oxford a Ingila aka riƙa ƙera ta daga 1962 har zuwa 1980. An fitar da sama da rabin miliyan, kuma mafi yawansu Amurka aka kai. Wadda ta hana wani gareji sakat a Jos kwanakin baya ƙirar 1966 ce. Sitiyarinta a dama yake, domin ta shigo ƙasar nan tun muna bin hannun hagu, kafin a sauya hannu a watan Afrilun 1972. Wani Bature ma'aikacin kuza ne ya sayar wa mahaifin Alhaji, abokin kawuna, da zai koma gida. Bayan rasuwar tsohon ta yi shekara da shekaru a ƙarƙashin rumfa, kaji na saka ƙwai a kujerunta.

Da Alhaji ya yi niyyar tayar da ita, bai yi ƙwauro ba. An sauke inji an yi masa aiki tun daga fistin har bawul, mai gyaran jiki ya yanke duk inda tsatsa ta ci, mai fenti ya mayar mata da jan launinta, aka sake wayarin gaba ɗaya, aka wanke tanki. Ɗansa, wanda ya fi kowa zumuɗin aikin, ya riƙa yin oda ta intanet daga Ingila da Amurka: fitilu, madubai, sabuwar bamba, murfin tanki mai ƙyalli da makulli, har da tambarin gaba. Abin da ya rage shi ne saiti da gwaji a kan titi, kuma don wannan aka nemo Baba.

Baba ya haura saba'in. A garejin wani kamfanin kuza a Bukuru ya koyi aiki, zamanin da motocin Ingila suka cika Filato, don haka kafireton SU ba baƙonsa ba ne. Ƙa'idarsa ita ce kafireto ne na ƙarshe a saiti. In bawul ya yi tsauri ko wuta ta makara, kafireto ake ɗora wa laifi, kuma wanda ya murɗa shi don ya daidaita aibin wani sashe, ɓoye aibin kawai ya yi. Saboda haka da bawul ya fara, inji na sanyi. Guda takwas ne, kuma da lissafin tara ake binsu: in na takwas ya buɗe iyakar buɗewarsa sai a saita na ɗaya, in na shida ne sai na uku, haka har a gama. Tazarar kowanne inci 0.015. Kwantak ma 0.015, bakin fulogi 0.025, wuta ta tashi digiri 10 kafin fistin ya kai ƙololuwa, wayoyin fulogi kuma a jerinsu na 1-3-4-2.

Sai da aka gama wannan duka ya taɓa kafireto. Biyu ne a injin nan mai cc 1798, na gaba yana ciyar da silinda ta ɗaya da ta biyu, na baya ta uku da ta huɗu, kuma dole su ja iska daidai wa daida. Baba ba shi da na'urar aunawa. Guntun tiyo yake sa wa a kunne, ya kai ɗaya bakin ga wannan kafireto ya saurari shuuu ɗinsa, ya koma ga wancan, yana taɓa sukurun sulo har muryoyin biyu su zama ɗaya. Daga nan sai cakuɗin mai da iska. A ƙarƙashin kowane kafireto akwai ɗan tsinken ƙarfe da ake turawa sama ya ɗaga fistin ɗin ciki kaɗan, abin da bai kai milimita ɗaya ba. In juyin inji ya ƙaru ya zauna a sama, mai ya yi yawa. In ya faɗi, mai ya yi kaɗan. In ya ɗan ɗaga ya dawo inda yake, an dace. Akwai kuma abin da littafin motar bai sani ba: Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, iskarta ba ta kai ta bakin teku kauri ba. Saitin da ya dace da Abingdon a nan mai zai yi wa yawa, sai da Baba ya ɗan ɗaure notin kowane kafireto sama. Dokin inji 95 da aka rubuta wa motar ma ba duka ake samu a Filato ba, sama da kashi 10 cikin 100 tudun ke cinyewa.

A gareji, injin ba shi da makusa. Ana murɗa makulli famfon mai da ke can baya kusa da batir zai yi tak-tak-tak ya cika kafireto ya yi shiru, inji ya tashi bugu ɗaya, ya zauna lafiya lau komai daɗewarsa a kunne. Alhaji ya sa aka cika tanki fal, ɗansa ya ɗauki sitiyari, yaron Baba na gefensa, mu kuma muna biye a wata motar.

Ba a kai Bukuru ba ta fara shaƙewa. Ta fizga, ta saki, ta sake fizga, ta gangara gefen titi ta mutu. Muka firfito aka buɗe gaba, kowa na leƙe. Ba a ga waya a sake ba, ba a ga yoyo ba. Bayan 'yan mintoci ɗan Alhaji ya murɗa makulli, ta tashi sumul, ba tari ba gargada. Yaron Baba ne kaɗai ya ce ya ji wani ƙara gwam daga baya muna tsaye, aka ce salansa ce ke hucewa.

Mai wayarin ne ya fara kawo fatawa. Ya ɗora hannu a kan koyil ya ce ya yi zafi, kuma kowa ya san koyil mai ciwo yana yanke wuta in ya ɗau zafi, ya dawo in ya huce. Maganar ta hau alamun daidai. Baba ya ce koyil mai lafiya ma yana ɗumi, amma tun da Alhaji ya riga ya aika kasuwar Dilimi a sayo sabo, a sa a gani. Aka sa, aka haɗa da sabon kwandansa. An yi kwanaki motar na gareji ana ƙananan gyare-gyare, yara na zuƙar mai daga tankinta suna wanke kayan aiki, yadda aka saba a kowane gareji. Da aka fitar da ita da rana tsaka, ta wuce Bukuru, ta wuce Mararrabar Jama'a, ta je Heipang ta dawo ko tari ba ta yi ba. Mai wayarin ya karɓi tukuicinsa.

Ranar Juma'a da sassafe Alhaji da kansa ya shiga gidan mai ya ce a cika. Ta mutu tun kafin ta kai inda ta mutu a karon farko.

Yanzu zargi ya koma kan gidan mai, kuma ba zargin banza ba ne. Mutane ba su manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol ya lalata wa jama'a motoci. Aka juye tankin kaf, aka sayo galan ɗaya wurin 'yan bumburutu aka zuba. Motar ta zagaya gari har man ya kusa ƙarewa ba ta yi gardama ba. Aka ƙara wani galan, haka nan. Har an fara cewa man bakin titi ya fi na gidan mai kyau, maganar da ba a saba ji ba a ƙasar nan. Sai aka je wani gidan man daban, a wata unguwa daban, aka cika. Ta sake mutuwa.

A wannan tsakani an yi ɓarnar da aka saba. Wani ya zo ya sassauta notin kafireto wai mai ne ba ya isa, wani ya sake fulogi, wani ya ba da shawarar a cire kafireton biyu a ɗora na Peugeot 504 kowa ya huta. Wannan ɗabi'a ta sauya kaya bisa canke ita ke cinye kuɗin masu tsofaffin motoci, kuma ko an dace, ba wanda zai iya faɗin abin da ya warkar da motar. Baba ya ce wa Alhaji, “Ranka ya daɗe, in ana so in ci gaba, to kada kowa ya ƙara sa mata sifana sai ni. Kuma ni zan zauna a gaba.”

Abin da ya zauna yana kallo shi ne agogon juyin inji. A MGB ta wannan shekara agogon da lantarki yake aiki, daga bugun wutar koyil yake ƙirga. In wutar ce ta yanke, allurarsa za ta faɗi ƙasa nan take ko da tayoyi na ci gaba da juya injin. In kuwa mai ne ya yanke, allurar za ta riƙa sauka sannu a hankali tare da gudun motar. Da motar ta fara shaƙewa, allurar ba ta yi tsalle ba, ta sauko a natse. Wannan ya wanke koyil da kwandansa da kwantak gaba ɗaya, har da tsohon koyil da aka jefar. Baba ya sa aka kashe makulli nan take aka gangara gefe, don kada famfo ya sake cika abin da yake so ya gani. Ya kwance murfin kwanon mai na kafireton gaba, ya same shi kusan a bushe. Na baya ma haka. Da ɗaya ne ya bushe, sai a ce allurar bakinsa ce ta maƙale. Tun da duka biyun ne, matsalar tana can baya, tsakanin tanki da kafireto.

Abu uku ke iya hana mai isowa, kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Na farko zafi. A injin MGB bututun hayaƙi yana ƙarƙashin kafireto, gefe ɗaya suke, kuma in farantin da ke tare zafi ya lalace, fetur kan tafasa a cikin bututu ya zama tururi. Amma farantin sabo ne, sannan tafasar mai da rana take tsananta ko a cunkoso. Wannan mota kuwa ta fi saurin mutuwa da sanyin safiyar Jos, a buɗaɗɗen titi, iska na dukanta. Na biyu famfo. A gareji aka cire tiyo daga kafireto aka sa a kwalba aka murɗa makulli, ya zubo sama da rabin lita a minti ɗaya, ba kumfa ba yankewa. Wannan ya fi abin da injin zai iya sha ko da an take totur har ƙasa. Na uku datti a tanki, irin ɓawon tsatsa da kan toshe bakin bututu in ana ja, ya saki in an tsaya. Aka buɗe murfi, aka hura iska ta bututun, aka ji tana ɓulɓulowa a tanki ba tare da wani cikas ba. Aka sake juye man ta cikin farin ƙyalle, bai bar ko ɗigon datti ba.

Ga famfo lafiya, ga bututu a buɗe, ga tanki tsaf, ga mai a ciki, amma a kan titi kafireto na bushewa. A nan mafi yawanmu muka tsaya.

Baba bai ƙara kwance komai ba. Ya zauna a benci ya kira ɗan Alhaji da yaronsa, ya sa suka lissafo masa duk fitar da motar ta yi, wadda ta mutu da wadda ba ta mutu ba. Da aka jera su sai wani abu ya fito wanda tun farko yana gabanmu. Duk ranar da ta mutu, daga gidan mai ta fito da cikakken tanki. Ranar Heipang tankin ya yi ƙasa da rabi saboda zuƙar yara. Ranakun bumburutu galan ɗaya ne kacal a ciki. Ashe ba inda aka sayi man ne ke da muhimmanci ba, yawansa ne.

“To in ta mutu, me kake yi kafin ta tashi?” in ji Baba.

“Wallahi Baba ba na taɓa komai. Jira kawai nake yi.”

“Ko kaɗan?”

“Sai dai in zagaya baya in buɗe tanki in girgiza motar in ji ko da mai, tun da agogon man bai gama gyaruwa ba.”

“In ka buɗe, kana jin wani abu?”

“Tana ɗan yin fuuu. Ai motata ta yanzu ma tana yi.”

Baba ya miƙe ya ce a je a cika tanki.

Wannan karon da ta mutu, ya hana kowa zuwa baya. Ya ce a murɗa makulli a yi shiru. Kwanon kafireto a bushe yake, don haka kamata ya yi famfo ya kama tak-tak-tak da sauri. Abin da muka ji shi ne bugu ɗaya mai nauyi, sai dogon shiru, sai wani. Ya zagaya ya sa makulli a murfin tanki ya murɗa. Iska ta ruga ciki da ƙara, tankin ya yi gwam ɗin nan da yaro ya ji tun ranar farko, famfo kuma ya ɓarke da bugu har ya cika kafireto. Motar ta tashi bugu ɗaya.

Duk wanda ya taɓa huda gwangwanin madara ya san huda biyu ake yi, ɗaya madara ta fito, ɗaya iska ta shiga. Tankin mota ma sai iska ta maye gurbin man da inji ya sha. Na wannan motar yana cin sama da lita 50. A ce an cika shi, iskar da ta rage a sama lita 2 ce. In inji ya sha rabin lita kuma ba wata iskar da ta shigo, dole wadda ke ciki ta bazu ta cika gurbin lita 2 da rabi, ƙarfinta ya ragu da kashi ɗaya cikin biyar. A ma'aunin da mai faci ke auna taya da shi, wannan ya kai wajen fam 2 da rabi. Famfon SU kuwa ba jarumi ba ne, duk ƙarfin da aka yi shi da shi bai wuce wajen fam 3 ba. Rabin lita a motar nan tafiyar kilomita 5 ce ko kusa. Lanƙwasar jikin tanki da tururin fetur da ɗan abin da ke silalowa ta gefen roba su ke ƙara mata wasu kilomitoci, shi ya sa take kaiwa kusa da Bukuru. In kuwa galan ɗaya ne a ciki, iskar ta kusa lita 50, ko an shanye man duka ƙarfinta bai ragu da kashi ɗaya cikin goma ba. Da rana fetur na ɗumi yana fitar da tururi mai yawa da ke cike gurbi, da sanyin safiya ba ya yi. A gareji kuma, inji a sulo ɗan kaɗan yake sha, abin da ke silalowa ta gefen roba ya isa. Gwam ɗin da aka ɗora wa salansa kuwa tankin ne da ya lotsa yake komawa daidai.

Abin da ya sa ciwon ya daɗe a ɓoye shi ne duk binciken da aka yi masa, da buɗe murfi ake farawa. Mai juye mai ya buɗe, mai hura bututu ya buɗe, mai zuba galan ya buɗe, ɗan Alhaji ya buɗe a bakin titi. Kowannensu ya warkar da motar da hannunsa bai sani ba.

Murfin kansa ba jabu ba ne, kuma ba lalatacce ba. MGB ta shekarun 1960 ta murfi take numfashi, akwai 'yar kafa a jikinsa. Daga farkon shekarun 1970 dokokin Amurka suka hana barin tururin fetur ya fita sarari, sai motocin da aka kai can suka koma murfi mai toshewa ruf, tankin yana shaƙar iska ta wani bututu da ke bi ta gwangwanin gawayi a ɗakin inji. Irin wannan murfin ne ya zo a cikin oda, aka ɗora shi a motar da ba ta da bututun ba ta da gawayin. An tono tsohon murfin a kwalin tarkacen da aka cire, ya dushe, amma kafarsa a buɗe. Baba bai yarda an gama ba sai da ya yi gwajin da masu sauya kaya ba sa yi. Ya sa tsohon murfi a kan cikakken tanki, motar ta wuce Bukuru. Ya sake cikawa ya mayar da sabon, ta mutu. Sannan ya ce wa Alhaji, “Yanzu na san shi ne.”

Saura gyaran ɓarnar da aka yi wajen neman ciwon. Fulogin sun yi baƙi ƙirin saboda notin da aka sassauta, sai da aka koma kan tiyo a kunne da ɗan tsinken ƙarfe tun daga farko. Gwajin ƙarshe a hanyar Akwanga aka yi shi, ta Riyom zuwa Hawan Kibo. A shimfiɗaɗɗen titi Baba ya sa a bar ta a giya ta huɗu tana tafiya a hankali, sannan a take totur, yana sauraron ƙwanƙwasar da inji ke yi in wuta ta yi gaggawa. Bai ji ba. A gangaren ya ce a riƙe ta da giya ta uku, domin birkin baya na ganga ne, ba ya son dogon takawa. A gindin tudun, inda iska ta fi kauri, ya sake gwada totur, ya ji ƙwanƙwasa kaɗan, ya tsaya ya ja taimin baya ɗan ƙanƙani, ya kuma sassauta notin kowane kafireto da gefe ɗaya, tun da Alhaji ya ce yana so wata rana ya kai ta Abuja. A hawan dawowa allurar zafi ba ta wuce tsakiya ba, ta baƙin mai tana wajen 60. Da aka kwance fulogi a saman tudu, duka huɗun launin ƙasa-ƙasa ne.

Mai karatu da ke da tsohuwar mota mai irin wannan ciwo, kafin ka aika a sayo komai, dubi allurar juyin inji lokacin da take mutuwa, ka saurari famfo, sannan ka buɗe murfin tanki kana kasa kunne. Amma kada ka huda murfin motar zamani, ita an yi ta ne a toshe, da hanyar numfashinta daban. In kuma za ka yi wa tsohuwa odar kaya daga waje, faɗa wa mai sayarwa shekararta da ƙasar da aka ƙera ta dominta, saboda murfin MGB iri biyu ne, kuma a hoto ba a bambance su.